Kawu da Dattijon Cikin Randa

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya amsa kiran Ubangijinsa a Gwandu cikin bazarar da ta wuce, lokacin da zafi ke sa kaza ta saki baki ta baje fuka-fuki. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye, domin duk inda na fara sai dariya ta riga kuka zuwa, ni kuma ina kunyar a ce ɗan ƙanwar mamaci na ta'aziyya yana dariya. Daga baya na ga cewa in ban rubuta shi yadda yake ba, to wani mutum daban na rubuta, ba Kawu ba. Ni tela ne a Kalgo, ba marubuci ba, don haka wanda ya ga ɗinkin ya karkace ya yi haƙuri.

Zan fara da ranar da aka kai shi makwancinsa, domin har yau in waɗanda suka halarta suka haɗu, ba a gama cewa Allah ya jiƙan Malam sai wani ya sosa gwiwar hannu.

An dawo daga maƙabarta gab da azahar. Jama'a ta cika ƙofar gida har ƙarƙashin bishiyar maƙwabta. Ga tsofaffin ɗalibansa da ya koya wa ilimin halittu a sakandare, wasu har sun fi shi furfura, ga dangin matarsa daga Dalijan, ga Fulanin da ke kawo masa nono, ga masunta daga wajenmu. Ruwan alwala ya ƙare. To, kowane zaman makoki yana da mutum guda wanda ba wanda ya naɗa shi amma shi ne sarkin hidima, namu kuwa mijin ƙanwata ne, mutumin Dangoma. Mutumin kirki ne wallahi, sai dai ba ya iya ganin abu a ajiye ya ƙyale shi, kuma bai san gidan Kawu sosai ba. Shi ya leƙa zaure ya ga wata ƙatuwar randa a lungu an rufe ta da faifai. Ya ɗaga ya ga ruwa, ya yi hamdala. Akwai wani icce kwance a ciki wanda ya yi ɓawo toka-toka, bai damu ba, ya yi ta kwarfar ruwa da moɗa yana gurzar iccen har ya kai ƙasa. Ya cika butoci tsaf, ya zaro iccen ya ce wannan wace irin ƙazanta ce, ya wurga shi cikin itacen girki.

Mun yi alwala, mun yi salla. Kowa ya daure har aka sallame, amma daga nan sai Allah. Mutum zai durƙusa ya ce ya haƙuri, hannunsa na bayan kunne. Wanda ake yi wa gaisuwar ya amsa yana sosa tsakanin yatsun ƙafa. Wani tsohon ɗalibin Kawu, babban ma'aikaci da ya zo daga Birnin Kebbi cikin shadda mai maiƙo, ya zauna yana cije leɓe hawaye na zuba, mutane na cewa Allah sarki, bawan Allahn nan ya ji mutuwar malaminsa. Ashe ya tsettsefe gemu da ruwan ne sosai. Ni ma ban tsira ba, har cikin hancina. Wata tsohuwa ta leƙo daga soro ta ce dama an daɗe ana faɗa, Malam na da abin da yake ajiye, ga shi ya fusata.

Liman ne ya fara ganewa. Aminin Kawu ne tun suna makarantar allo, kuma abokin gardamarsa na har abada. Ya dubi hannayensa da suka yi ruɗu-ruɗu, ya dubi ƙofar zaure, ya tambaya wa ya taɓa randar Malam. Mijin ƙanwata ya matso da fara'arsa yana jiran a sa masa albarka.

Liman ya ce, "Malam ya gama da ni. Shekara da shekaru yana roƙona in sa yatsa in taɓa wanga abu ina ƙiyawa, yau ga shi ya sa na wanke huska da shi."

Ya fara dariya, dariyar ta juye kuka, ya rufe fuska da rawani. A nan ni ma na san lallai Kawu ya tafi. Sai da aka aika aka sayo man kaɗanya aka bi sahu da shi, kuma a cikin wannan ruɗani ba wanda ya tuna ya tambayi ina iccen yake.

Wanda bai san Kawu ba zai ce me ke cikin randar. Abin ya faro ne bayan ya yi ritaya. Ya kawo mini ziyara Kalgo, muka gangara bakin gulbi don ya sayi kifi, muka tarar da wani masunci yana zagin wani reshe da ya maƙale masa a taru. Masuncin ya ce irin iccen nan ne mai ɓawo, in ka taɓa shi ka kwana kana susa. Kawu ya duƙa ya duba, ya ciro gilashinsa na ƙara girma daga aljihu, sai kawai ya durƙusa cikin taɓo. Da babbar rigar da na ɗinka masa da hannuna, sabuwa ful, aikin da ya ci mini ido. Ya ce tun yana saurayi yake zana wannan halitta a allo yana gaya wa yara a teku take, bai taɓa ganinta da idonsa ba, ashe tana nan gulbinmu tana jiransa. Ya sa aka ba shi bokiti, ya rungume shi a cinya a cikin mota har Gwandu. Direban ya gaya mini daga baya cewa duk ramin da aka faɗa sai fasinjoji sun yi wanka, Kawu kuma yana ba abin cikin bokitin haƙuri, ba su ba.

Ya ce sunansa soson ruwa, kuma ba tsiro ba ne, ba gansakuka ba ne, dabba ne. Muka ce ina kansa, ya ce ba shi da shi. Ina bakinsa, ina cikinsa, ina ƙafarsa, duk babu. Jikinsa ƙofofi ne ƙanana, yana jan ruwa ta nan yana fitarwa ta can, yana tace abin da zai ci. Ƙashinsa kuma allurai ne da ido ba ya gani, su ne ke shiga fata su sa ƙaiƙayi. Wannan kam ban yi musu ba, ni na san aikin allura. Matar Kawu, wadda duk muke kira Inna, ta leƙa randar da aka ƙwace mata, randarta mafi sanyin ruwa, ta ce to in dai ba ya tashi, ba ya aiki, sai ci, ai ta san irinsa da yawa a bakin tasha. Ta raɗa masa suna Zauna-gari-banza. Kawu ya ce a'a, a girmama na gaba, sunansa Dattijo, domin a cikin dabbobi danginsa na cikin waɗanda suka fara kama hanyarsu, tun ba a san kifi ba balle akuya.

Allah bai ba su haihuwa ba. Su biyu ne a gidan nan, sai mu 'ya'yan dangi da ke shiga muna fita. Ban faɗi wannan don a tausaya musu ba, domin ban taɓa shiga gidan da ya kai nasu hayaniya ba, kuma duk a kan abin da ba shi da baki.

Ni ne na fi shan wahalar Dattijo. Kawu ya ce ruwan rijiyar Gwandu ba ya ɗauke da abincinsa, sai ruwan gulbi. Wa ke kusa da gulbi? Tela. Haka na zama mai yi wa icce ga-ruwa, ina aika jarka a mota, in ba a samu mota ba in ɗaura a babur in kai da kaina. Ko ana gobe Salla, ɗinki ya taru har rufi, masu kaya na zagina, sai wayata ta yi ƙara. Ba zai tambayi iyali ba sai ya fara cewa Dattijo na gaishe ni, kuma ruwansa ya tsufa.

In na kai ruwan kuma ba a sallame ni sai an yi mini karatu. Wani tsohon ɗalibinsa kan turo masa rubuce-rubucen masana a waya, ya kafa tabarau a kan hanci ya karanta, ya rasa wanda zai juye wa sai ni. Ya ce a cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai umarnin gado, kuma a cikinsu akwai waɗanda aikinsu tsara ɗan tayi, su ce nan ne gaba nan ne baya, nan a manne, nan a buɗe ƙofa. Da masana suka binciki na soson ruwa, sai suka tarar yana da da yawa daga cikinsu, ko kuma tsofaffin irinsu, shi da ba shi da kai balle wuya. Na ce to me yake yi da su. Sai ya kama tef ɗin awo da ke rataye a wuyana ya girgiza.

"Kai tela ne. Ka ɗauka mutum na da almakashi, da tef, da alli, da allura, amma mayafi yake yafawa, bai taɓa fidda hannun riga ba. Kayan aiki sun riga ɗinki zuwa duniya, ɗana. Waɗanda suka biyo baya su suka ɗauki akwatin nan suka ƙara masa kaya, wani ya fidda fiffike, wani ya fidda wutsiya, kai aka fidda maka bakin ƙorafi."

Ya ƙara da cewa ɗan soson ruwa, yana ƙarami, yana da gaba da baya, yana iyo yana yawon duniya, sai ya samu wuri mai daɗi ya manne, daga nan ba ya ƙara motsi. Inna da ke jin mu daga tsakar gida ta ce wannan ba sai an je gulbi ba, haka Malam ya yi da tabarmar zaure tun ranar da ya bar aiki.

Da Liman kuwa gardamarsu ɗaya ce, sun yi ta maimaita ta kamar yadda wasu ke dara. Liman ya ce shi dai kakansa Annabi Adamu, ba ya da dangi a cikin randa. Kawu ya ce shi ma bai canza kaka ba, amma wanda ya ƙaga halitta ya nuna gwaninta ne da ya fidda giwa da sauro da liman daga akwatin kayan aiki guda, kuma duba wannan ma ibada ce. Liman ya ce a cire sunansa daga tsakanin giwa da sauro. Su rabu kowa na huci, magariba na yi ka gan su sun jera zuwa masallaci, Kawu na riƙe wa Liman buta.

Babbar rigima ita ce ta ƙyallen koko. Kawu ya karanta cewa in aka matse soson ruwa ta cikin ƙyalle har ya zama kamar ruwan gari, ƙwayoyinsa za su rarrafa su nemi juna su sake haɗuwa. Ya ɓalli ɗan yanki, ya duba gidan kaf, bai ga ƙyallen da ya yi masa ba sai wanda Inna ke tace gasara da shi. Ya yi aikinsa, ya ɗauraye, ya shanya a inda ya ɗauka, ya yi shiru. Kashegari Inna ta zuba ƙullu ta fara tata. Kafin ta gama hannayenta sun kumbura har gwiwa, gasarar duka aka zubar. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya tsorata mu. Ta ƙulle kayanta a zani, ta kira ɗan kabu-kabu mai babur, tsohuwa da furfurarta ta yi yaji zuwa Dalijan. Iyayenta sun daɗe da rasuwa, don haka gidan ƙanenta ta sauka, wanda ita ta goya shi, shi kuma ya rasa ta inda zai fara yi mata faɗa.

Muka tafi biko, ni da Kawu da Liman. Liman ya shirya ayoyinsa da nasiharsa tun a hanya. Muna zama, kafin ya buɗe baki, Kawu ya zaro wata 'yar tasa daga cikin riga ya tura gaban Inna. A ƙasan ruwan akwai 'yan dunƙule-dunƙule farare. Ya ce ta duba, abin da ba shi da hankali, an raba shi ta ƙyalle, ya nemi juna ya haɗu, balle su da suka tsufa tare. Inna ta dubi tasar ta ce shi ai ba a ɓata masa gasara ba. Amma na ga ta ja gyale ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Ta dawo bisa sharaɗi biyu, a saya mata sabon ƙyalle, kuma randar nan ta koma zaure, kada ta ƙara tsallako mata tsakar gida. Ta kuma rantse duk ranar da ta samu sarari sai ta hura wutar tuwo da iccen nan. Wannan rantsuwa ta maimaita ta fiye da yadda zan iya tunawa.

Akwai abin da ya sa na rage ƙorafin jarka, ban ce na daina ba. Lokacin da matata ta haifi ɗiyarmu ta fari, yarinyar ta zo da tsagaggen leɓe. Tsofaffi suka fara magana ƙasa-ƙasa, wata ta ce uwar ta yi wa wani dariya tana da ciki, wata ta ce fitar magariba ce. Matata ta daina cin abinci, in an shigo barka sai ta rufe fuskar jaririya, har ta ce mini kada a tara mutane ranar suna. Kawu ya zo, ya karɓi yarinyar, ya yaye zanin a gaban kowa ya yi mata addu'a. Sannan ya ce fuskar ɗan Adam ba a dunƙule ake yin ta ba, yanki-yanki take tahowa a cikin ciki, na dama da na hagu da na sama, su haɗu a tsakiya yadda nake haɗa gaban riga. Ya ce kowa a ɗakin nan ya taɓa zama da wannan tsaga tun bai san kansa ba, wanda ke musu ya shafa ƙarƙashin hancinsa zai ji wurin haɗin. Sai ga tsofaffin nan duka, har da masu maganar, kowace na shafa ƙarƙashin hanci.

Ya juya ga matata ya ce, "Ba ki yi komi ba, ɗiyata. Ɗinki guda ya rage, kuma Allah ya yi teloli a asibiti waɗanda aikinsu ke nan. Tashi ki ci tuwo."

Ta ci. Shi ya raka mu asibiti, shi ya zauna a benci ranar aikin yana yi wa masu jinya bayanin Dattijo har suka riƙa sauya wuri. Yau yarinyar na sakandare, kuma bakin da aka ɗinke ya fi rediyo zuba.

Abu guda ne Kawu ya sani amma bai taɓa yarda a gwada ba. Ya sha nuna mini wasu 'yan ƙwayoyi a jikin iccen, ƙanana kamar riɗi, ya ce guzurin Dattijo ke nan. In gulbi ya janye rana ta ƙona shi, jikin zai mutu, amma waɗannan za su jira, ruwa na dawowa su farka. Na ce to madalla, mu bar shi ya bushe a bazara in huta. Ya dube ni kamar na ce a yanka shi. Ya ce a littafi ya karanta, kuma ya yarda da littafin, amma ba da Dattijonsa za a yi gwaji ba.

Ciwonsa bai daɗe ba. Da jiki ya yi nauyi ya ce a kira Inna da ni da Liman, muka zauna muna jiran maganar gona da gida. Ya ce waɗannan shari'a ta riga ta raba, ba su dame shi ba. Ya dubi Inna ya ce ya bar mata amanar Dattijo. Ta ce ko a bakin mutuwa ba zai bar ta ta huta da ruɓaɓɓen icce ba. Ya yi murmushi.

"Ko kin ga ya bushe, kada ki ce ya mutu. Jira yake yi."

Ta ce ta ji, maza ya sha maganinsa. Ba su ƙara wata doguwar magana ba bayan wannan.

To, matan gida sun ɓoye wa Inna labarin alwala, wai kada a ƙara mata damuwa. Sai ranar sadakar uku wata ta yi suɓutar baki. Ina soro na ji tsakar gida ta kaure. Inna, wadda tun rasuwar ba ta ɗaga kai daga tabarma ba, ta miƙe ta ratsa mata masu gaisuwa, ta nufi wajen girki tana watsa itace hagu da dama. Ta same shi a bakin murhu, gefe guda har ya fara cin wuta a ƙarƙashin tukunyar sadaka. Ta fizge shi da hannu, ta turmuza bakin a ƙasa. Ya bushe ƙayau, ɓawon ya zama kamar busasshen kashin shanu. Mijin ƙanwata ya zo ya durƙusa yana ba da haƙuri, ta ce ya tashi, ba shi aka ba amana ba, ita aka ba. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati, sai ga tsohon ƙyallen kokon nan a ninke, ashe ba ta taɓa yar da shi ba. Ta naɗe iccen a ciki ta tura ƙarƙashin gado.

Dangi suka sa baki. Wasu suka ce a jefar, ya mutu, wasu suka ce ajiye irin wannan bayan mamaci bai kamata ba. Liman ya ce icce ne da halittar Allah, ba bauta masa take yi ba, a ƙyale ta. Ƙanenta ya ce in ta gama takaba ta dawo Dalijan, me za ta zauna yi ita kaɗai a gida. Ta ce ba inda za ta sai ta ga ƙarshen amanar da aka bar mata. Na ce in kawo ruwa yanzu a gwada mana. Ta ce a'a, gulbi ya janye sai kududdufai masu ɗumi, Malam ya ce sabon ruwa ke ta da 'yan ƙwayoyin nan, kuma dama guda gare ta. Ashe duk shekarun nan da take zagi daga tsakar gida tana sauraron karatun, ta ma fi ni riƙewa. Ni dai a raina na san abin da ya kwana biyu a rana ya kuma leƙa murhu ya gama yawo, kuma ina tsoron ranar da za ta gane haka.

Damina ta sauka, fadama ta cika, gulbi ya kawo. Wayata ta yi ƙara ina tsakiyar yanka yadi. Inna ce. Ba ta tambayi iyali ba, ta ce in kawo jarka.

Na tarar ta sa an shigo da randar daga zaure har cikin ɗakinta, ta wanke ta, ta ajiye a gefen gado. Ta kwance ƙyallen, ta sa iccen da bismilla, na zuba ruwa. Muka leƙa, ba komai sai icce a ruwa. Na koma Kalgo. Na sake kawo ruwa, na sake kawowa, kullum icce ne a ruwa. Ta daina yi mini maganarsa, ni ma na daina tambaya, sai dai na lura ta rame, kuma tabaran Kawu da gilashinsa na ƙara girma suna kan faifan randar.

Wata safiya ta kira ta ce in zo, kuma in biya in ɗauko Liman. Ba ta faɗi dalili ba, na yi ta addu'a a kan babur. Muka tarar da ita durƙushe gaban randa. Ta miƙa wa Liman gilashin. A can gefen da wuta ba ta taɓa ba akwai wasu 'yan tabo farare, shimfiɗe a jikin iccen, ba su kai farcen jariri ba. Ta ce shekaranjiya guda biyu ne kawai, yau ga su nan sun yaɗu, wasu har sun haɗe da juna. Liman ya daɗe yana dubawa. Ya ce tsarki ya tabbata ga mai rayar da matattu, sannan ya naɗe hannun riga, ya sa yatsa a ruwan ya taɓa gefen iccen a hankali, ya ce to Malam, na taɓa, sai ka bar ni in huta.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya kan randar, ta yi magana da irin muryar da take yi wa Kawu faɗa.

"Zauna-gari-banza. Kai da ba ka da kai, ba ka da ƙafa, ka san hanyar dawowa. Shi mai kai da ƙafa ya tahi ya bar ni."

A nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Muka bar ta ta yi, ni ina kallon ƙasa, Liman na sosa yatsa. Da ta gama ta share fuska da bakin zani, ta mayar da faifai, ta ce a gaya wa ƙanenta ba za ta Dalijan ba, tana da mai jinya a gida. Sannan ta dube ni ta ce 'yan tabon nan yanzu yara ne, suna buƙatar ci, daga yau jarka biyu zan riƙa kawowa.

Ya Allah, bawanka ya ƙare kwanakinsa yana leƙen gwanintarka a cikin randa, yana kiran mutane su zo su gani. Ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya masa makwanci fiye da ruwan randar da ya ƙwace wa Inna, ka tashe shi cikin waɗanda ka yarda da su ranar da za ka tashi kowa. Ka ba Inna haƙuri da tsawon kwana. Ni kuma ka ƙara wa babur ɗina lafiya, domin gobe ma akwai kai ruwa.